Sarki Shu'aibu da Layar Zanar da Babu Ita

Masu riƙe da labaran da suka wuce sun ce, a wani zamani da bai yi nisa da namu ba, an yi wani Sarki a ƙasar Gulbin Marke mai suna Shu'aibu. Mutum ne mai tsayawa kan maganarsa. In ya ce a'a, ko garin duka zai taru a ƙofar fada ba ya sauyawa. Talakawa na ƙaunarsa don ba ya cin zali, fadawa kuwa na shakkarsa don ba ya son a maimaita masa magana.

Bayan ya daɗe bisa gado, sai jikinsa ya shiga sauyawa a hankali. Hannuwansa suka yi faɗi, yatsunsa suka yi kauri. Takalmin da baduku ya ɗinka masa bara, bana sai ya ƙi shiga. Haɓarsa ta turo gaba, haƙoransa suka ba juna wuri, muryarsa ta koma kamar ta mai magana daga cikin randa. Ga gumi ko da sanyin safiya, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Fadawa suka ce, "Kwarjini ne, ranka ya daɗe, giwa ce ke ƙara cika." Likitan fada kaɗai ya ce ya kamata a je babban asibiti a duba. A ranar aka sallame shi, Sarki kuma ya kafa doka cewa kada wanda ya ƙara ambaton ciwo a gabansa.

Ana nan sai wani abu ya ɓullo. Galadima Bawa, wanda ke zama a hannun daman Sarki tun ranar naɗi, ya zama abin zargi. Sarki zai zauna yana sauraren ƙara, ya ga kamar babu kowa a damansa, in ya waiwaya sai ga Galadima zaune. Ya mai da fuska gaba, Galadima ya sake ɓacewa. Wata rana aka yi baƙi daga wata masarauta. Sarki ya miƙe zai raka su, ya juya dama sai ya yi karo da Galadima, ya faɗi bisa gwiwoyinsa, rawaninsa ya warware a gaban baƙi. Ya rantse babu kowa a wurin kafin ya juya. Sarkin Fada, wanda ya daɗe yana jin haushin kusancin Galadima da Sarki, ya nemo wani boka. Boka ya buga ƙasa ya ce Galadima na ɗauke da layar zana wadda ke ɓoye shi daga idon Sarki kaɗai, kuma shi ya yi jifan da ke kumbura jikin Sarki. Sarki ya yanke hukunci, ranar Juma'a za a tuɓe Galadima a fitar da shi daga ƙasar.

To, Sarki na da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Magajiya Yalwa. Ita ta goye shi yana jariri. Likita ce, ta yi ƙuruciyarta da girmanta tana aiki a babban asibitin wani birni mai nisa, sai da furfura ta cika mata kai ta ajiye aiki ta dawo gida. Ran da ta fara ganin ƙanenta bayan doguwar rabuwa nan take ta gane irin wannan fuskar, ta sha ganinta a kan mutanen da ba su haɗa komai da sarauta ba. Ta nemi ganawa da shi, ya ƙi, don ya san abin da ke bakinta. Ta sake nema, ya aiko mata da goro. Da labarin Galadima ya iso ta, ba ta ƙara neman iso ba. Ta ɗauki sandarta da hantsi, ta nufi ɗakin da Sarki ke hutawa kafin ya fito fada. Dogarai suka gitta mata, ta dube su ta ce, "Wanda ya isa ya taɓa ni." Babu wanda ya isa.

Ta sami Sarki kishingiɗe ya dafe goshi. Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

Ya ce, "Yaya, in maganar ciwo ce ta kawo ki, dokar da na kafa ba ta ware 'yan gida ba."

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, dokarka ta hana a ce kana ciwo, ba ta hana a ba da labarin ciwon wani ba. In ma ta hana, ka sa a haɗa ni da Galadima ranar Juma'a, amma yau sai na faɗi abin da ya kawo ni. Tsoro nake kada abin da ya kusa hallaka Ladan Sallau ya hallaka ka, ka kuma tafi da hakkin mutumin da bai ji ba bai gani ba."

Sarki ya so ya yi banza da ita. Amma ita ta san shi, tun yana yaro ba a taɓa fara masa labari ya iya barinsa ba. Can ya ce, "Wane ne Ladan Sallau, me kuma ya same shi?"

Magajiya ta jingine sandarta ta ce, ga yadda abin ya kasance.

Hikayar Ladan Sallau

A wani ƙauye da ke kusa da birnin da na yi aiki, an yi wani ladan ana kiransa Sallau. In ya ɗaga murya daga hasumiya, har masu aiki a ƙetaren fadama sai sun ajiye fartanya. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da wata sana'a da aka san shi da ita, wannan muryar ita ce mutuncinsa.

Wata rana da damina yana saukowa bayan kiran azahar, ƙafarsa ta zame a matakala, kansa ya bugi ƙasa. Ya suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, raunin ya warke, kowa ya ce Allah ya kiyaye. Amma tun daga ranar wata ƙishirwa ta kama shi wadda ba ta mutuwa. Ya shanye tulu guda, kafin ya zauna sai ya zagaya. Fitsarinsa fari fat kamar ruwan da ya sha. Alwala ba ta zama masa, barci ba ya yi masa tsawo. Ya ɓoye wa kowa sai matarsa.

Haka ya yi ta fama har azumi ya zo, ya kuwa zo cikin tsakiyar bazara. Matarsa ta ce, "Malam, mara lafiya fa an ɗauke masa." Ya ce, "Ladan ne zai sha ruwa da rana? Da wane baki zan kira mutane su buɗe nasu?"

Ya ɗauki azumi. Kafin azahar harshensa ya bushe kamar ƙirgi, idanunsa suka fara ganin duhu. Ya je wurin alwala don ya jiƙa fuska, bai san lokacin da ya kafa buta a baki ya shanye ta ba. Mutane na tsaye suna kallo. Kafin la'asar babu gidan da ba a ji cewa ladan na shan azumi a ɓoye ba. Dattawan masallaci suka zauna, suka ba wani hasumiya. Washegari Sallau ya rantse sai ya kai azumi ko zai mutu. Ya shiga ɗaki ya sa sakata. Da la'asar sai ɓalle ƙofar aka yi, aka same shi kwance ba ya gane kowa. Aka ɗauko shi a mota aka kawo mana.

Muka sa masa ƙarin ruwa, muka auna jini da fitsari. Babu sukari, amma jininsa ya yi kauri da gishiri kamar miyar da aka manta a kan wuta. Na tambayi matarsa ko ya taɓa buguwa a ka, ta ba ni labarin matakala. Da ya dawo cikin hankalinsa na zauna kusa da shi na ce, "Malam, saurara in gaya maka inda ciwonka yake. A ƙasan ƙwaƙwalwa, can ciki bayan karan hanci, akwai wani ɗan wuri da ba ya barci. Mu a asibiti haifotalamus muke kiransa. Aikinsa ɗanɗana jini dare da rana. Shi ke sanin jiki ya yi zafi ko sanyi, ya ƙoshi ko yana jin yunwa, ruwa ya isa ko ya yi kaɗan. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta wuce wake ba, tana rataye da shi ta wani siririn wuya, tana zaune cikin ƙashi mai kama da sirdi. Ita ce fitutari. Na saman ke ba da umarni, ita kuma ta zuba sinadarai cikin jini, waɗanda ake kira homon, su kai saƙo sassan jiki. Cikinsu akwai wanda aikinsa ya ce wa ƙoda ta riƙe ruwa. A sama ake yinsa, ya gangaro ta siririn wuyan nan, ƙwayar ta ajiye shi, ta sake shi in an bukata. Faɗuwar da ka yi ta lalata wuyan. Ƙodarka lafiyarta lau, saƙo ne ya daina isa gare ta, shi ya sa duk abin da ka sha take zubarwa. Akwai maganin da za ka riƙa fesawa a hanci, ya tsaya a madadin saƙon. Amma azumin bana ba naka ba ne."

Ya dube ni ya ce, "Wato in koma in tsaya gaban jama'a in ce ciwon fitsari gare ni, ina shaƙar magani, ba na azumi? Likita, gara a ce Sallau ya mutu da azumi a bakinsa." Ya fizge allurar ƙarin ruwa daga hannunsa, ya tashi ya fita. Na bi shi. Bai wuce baranda ba ƙafafunsa suka ƙi, ya zube kan benci kusa da wata mata da ke jiran karɓar magani. Sunanta Tabawa, mai tuyar waina ce, tana cikin waɗanda nake dubawa. Da yake muryar ladan ba ta iya raɗa, ta ji duk abin da ya faɗa.

Ta ce, "Malam, ka gafarce ni, kunnena ya ji. Kai kana gudun a ce ka sha azumi. Ni abin da aka ce na yi ya fi naka muni, ban kuwa mutu don in faranta wa kowa ba."

Ya ce, "Baiwar Allah, me aka ce kin yi?"

Tabawa ta gyara mayafinta ta ce, bari ka ji.

Hikayar Tabawa Mai Waina

Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyu. Na gama takaba, na ci gaba da tuyata a bakin kasuwa. An daɗe, har ƙaramin ya shiga makaranta, sai al'adata ta ɗauke alhali shekaruna ba su kai ba. Na yi shiru. Bayan nan nono ya fara zubo mini, ni da na yaye ɗa tun mijina na da rai. Na riƙa ɗaure ƙirji da tsumma ina fita.

Wata rana a gidan suna na sunkuya ina rabon tuwo, wata ta ga gaban rigata ya jiƙe. Kafin in iso gida magana ta riga ni, wai Tabawa ta haihu a ɓoye ta yar. Aka kira ungozoma ta duba ni, ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin nono ya zo babu haihuwa ba. Samari suka leƙa rijiyoyi, suka tone juji, ba su sami komai ba, sai aka ce ai nesa na kai. Dangin mijina suka zo suka tafi da 'ya'yana suna kuka. Mai unguwa ya kira ni ya ce in tattara in koma garinmu cikin rufin asiri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, asirin wa za a rufa? Ni ban binne komai ba. Babu inda za ni."

Kullum da safe sai in hura wuta a wurina, in dasa tanda in yi tuya. Babu mai saye. Mata na wucewa suna kau da kai, ni kuwa ina gaishe da kowace da sunanta, in tambaye ta mutan gida. In rana ta yi in kwashe wainata in koma, gobe in dawo. Ba don ba na kuka ba, Malam. Ina yi, amma a ɗaki.

Da na ga 'ya'yana na neman sabawa da rashina, na koma wa mai unguwa na ce, "Ka ba ni ungozomar da ta duba ni, ka haɗa ni da matarka ta cikin gida, mu je babban asibiti. In an ce na haihu, ku yi mini abin da kuka ga dama. In an ce ban haihu ba, a ba ni 'ya'yana." Ya yarda, don yana zaton ba zan iya zuwa ba.

Muka zo. Wannan likitar da ke tsaye a bayanka ta duba ni, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kaina. A gabansu ta yi bayani. Ta ce akwai wata 'yar ƙwaya a ƙasan ƙwaƙwalwa, wataƙila kai ma ta gaya maka, ita ke yin sinadarin da ke kawo nono. Na samanta kuwa kullum riƙe yake da linzaminta yana ce mata dakata, ba ya sassautawa sai mace na da ciki ko tana shayarwa. Ni kuma wani ɗan ƙari ne ya fito a tawa, wanda ba ya jin dakata, yana ta zubo sinadarin. Shi ne ya kawo nonon, shi ne kuma ya tsai da al'ada, kamar yadda take tsayawa ga mai goyo. Ta ba ni ƙwayoyin da ke ɗauke da wannan kalma ta dakata. Nono ya ƙafe, al'ada ta dawo.

Da muka koma gida aka ce to, a bar maganar, ta wuce. Na ce ba ta wuce ba. Na tasa ungozoma da matar mai unguwa gaba har gidan da aka yi sunan nan, na sa aka tara mata, suka faɗi abin da suka ji da kunnensu. Daga nan na wuce gidan dangin mijina, na kama hannun 'ya'yana muka fito, ban nemi iznin kowa ba. Wasu sun zo sun roƙe ni gafara. Wasu har yau ba sa sayen wainata, sai su aiki wani ya sayo musu.

Malam, jikina ya yi ciwo, bakinsu ya yi ciwo. Ni na nemi magani na samu. Kai kuwa so kake ka mutu don ka warkar da bakin wasu, bakin kuma ba zai warke ba, cewa zai yi Allah ne ya kama ka.

Komawa ga Ladan Sallau

Magajiya ta ci gaba ta ce, da Tabawa ta gama, Sallau ya miƙa hannu ya ce a ba shi ruwa. Da rana tsaka, cikin watan azumi, a gaban duk masu jiran magani, ya yi bisimilla ya sha. Ya koma gadonsa da ƙafarsa, ya miƙa mana hannu muka mai da allura. Da maganin ya kama shi, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun kafin faɗuwa.

Ya koma ƙauyensu azumi bai ƙare ba. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe tsaye, wasu na cewa ya zauna, ya ɗaga muryar nan tasa ya ce, "Jama'a, kun gan ni na sha ruwa, gaskiya ne na sha. Ciwo gare ni a cikin kai tun faɗuwar da na yi, ƙodata ba ta riƙe ruwa, ga maganin nan a aljihuna. Wanda ya wajabta azumi shi ya ɗauke wa mara lafiya, ku ba ku kuka wajabta ba. Laifina ɗaya, na ɓoye muku don kunya har na kusa kashe kaina. Hasumiya kuwa ba da ciki nake hawanta ba, da murya nake hawa, muryata kuma lafiyarta lau."

Masallaci ya kaure da surutu. Liman ya tsawata, ya ce abin da Sallau ya faɗa shi ne abin da ke cikin littattafai, kuma shi da kansa ya kamata ya tambaya kafin a yanke. Da la'asar Sallau ya hau ya yi kira. Wani dattijo ya yi fushi ya koma wani masallaci, bai dawo ba har ya rasu. Sauran suka zo salla.

Magajiya ta dubi Sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, Sallau ya yi taurin kai sau biyu. Na farko ya kusa kai shi kabari, na biyu ya mai da shi hasumiya. Kai wanne kake yi?"

Sarki ya tashi zaune, ransa a ɓace. Ya ce, "Ni ban faɗo daga hasumiya ba, ni kuma ba mai waina ba ne. Me ya haɗa ni da su?"

Ta ce, "Ƙwayar nan ta haɗa ku. Ba ta san Sarki ba, ba ta san ladan ba. Saƙonninta da yawa. Tana aika wa abin da ke maƙogwaro, wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Tana aika wa waɗanda ke zaune bisa ƙoda, masu tsai da mutum lokacin firgita da wahala. Tana aika wa mara, wajen haihuwa. Kowane saƙo kuma amsarsa na dawowa ta cikin jini. In abu ya yi kaɗan, na saman ya ɗanɗana ya ce a ƙara. In ya kai, ya ce ya isa, sai ta rage. Da haka jiki ke zama daidai. Ƙari kuwa shi ne abin da ya daina jin ya isa."

Sarki ya ce, "Da ni kike?"

Ta ce, "Da ƙarin nake. In ka ji ya yi maka daidai, ba ni na faɗa ba. Cikin saƙonninta akwai na girma. In ya yi wa yaro yawa sai ya yi tsawon da ya wuce misali. In ya yi wa babba yawa, ƙashinsa ya riga ya rufe ba ya tsawo, sai ya yi faɗi, hannu da ƙafa da haɓa da harshe. Ba a nan yake tsayawa ba, zuciya ma girma take har ta gaji, sukari ya shiga jini. Abin da ke kanka ke nan. Na gane shi tun ran da na dawo."

Ya ce, "Ko da haka ne, Galadima fa? Da idona nake ganin yana ɓacewa."

Magajiya ta dogara sandarta ta miƙe. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Dubi ginshiƙin can da ke bayana. Kada ka juya kai, kada ka juya ido, komai na yi. Kana ganina?"

Ya ce, "Ina ganinki."

Ta fara takawa a hankali zuwa damansa. Ba ta yi nisa ba ta ga fuskarsa ta sauya, hannunsa ya damƙi matashi. Ta tsaya inda in ta miƙa sanda za ta taɓa kafaɗarsa. Ta ce, "Yanzu fa?"

Ya ce, "Ba na ganinki."

Ta ce, "Ni ma layar zana gare ni?"

Ya juyo, ga ta tsaye. Ta koma hagunsa, nan ma ta ɓace masa. Ta dawo ta zauna ta ce, "Jijiyoyin gani suna gittawa ne daidai saman ƙwayar nan. In ƙari ya girma sai ya danne su, gefe da gefe ya fara tafiya, tsakiya ta rage. In aka bar shi, tsakiyar ma za ta bi. Galadima bai taɓa matsawa daga inda kake ajiye shi ba."

Magajiya ta ji tsufanta ya sauko mata gaba ɗaya, amma ba ta bari ya gani ba. Sarki ya dubi tafin hannunsa. Da ya yi magana, ba da muryar fada ya yi ba. Ya ce, "Yaya, tsoro nake ji. Tun da daɗewa na san wani abu na cina. Ina gudun in kwanta a gaban masu wuƙa, a ce Sarkin Gulbin Marke ya zama abin tausayi."

Ta ce, "Na sani. Ba za a fasa maka kai ba, ta hanci ake bi a ciro shi. Ba zan yi maka ƙarya ba, aiki ne mai hatsarinsa, kuma kumburi zai sauka amma ƙashin da ya yi faɗi ba zai koma ba. Wataƙila ka sha magani bayan aikin. Amma idonka da ranka ake nema, kuma ina nan tsaye har ka farka."

Sarki ya sa aka naɗa masa rawani, ya fito fada. Ya aika a kira Galadima Bawa, wanda ke gida yana ɗaure kaya. Da ya zo zai nufi wurin zamansa, Sarki ya ce, "A'a, zo nan gabana inda zan gan ka." Ya dubi jama'a ya ce, "Ku saurara. Galadima ba shi da laya, bai kuma jefe ni ba. Idona ne ba ya ganin gefe, saboda wani ƙari da ke cikin kaina. Na zalunce shi a gabanku, a gabanku nake neman ya yafe mini. Dokar da na kafa na janye ta. Zan tafi asibiti a yi mini aiki, Galadima zai riƙe gari har in dawo."

Galadima ya faɗi yana hawaye, ya ce ya yafe duniya da lahira. Sarkin Fada, da ya ga inda iska ta juya, ya matso ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, sai a shaida wa talakawa Sarki ya tafi ziyara. Ai Sarki ba ya ciwo."

Sarki ya ce, "Wannan Sarkin yana yi. A faɗa musu asibiti na tafi, a faɗa musu abin da ke damuna da sunansa. Wataƙila a cikinsu akwai mai irinsa, yana can yana zargin maƙwabcinsa. Kai kuma ka kai bokanka bakin iyaka, in na dawo mu yi magana."

A mota, bayan sun bar ganuwa, ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya ga yayarsa da ke zaune a gefensa. Ya ce, "Yaya, na karɓi maganarki, da ta ladan, da ta mai waina. Amma ki sani taurin kaina yana nan."

Ta ce, "Ban ce ka yar da shi ba. Da shi za ka shiga ɗakin tiyata."

Masu labari sun ce an ciro ƙarin, ganinsa na gefe ya dawo sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya yi sarauta shekaru masu yawa bayan haka da manyan hannuwansa, bai kuma taɓa ɓoye su cikin riga ba. Iyakar abin da ya iso mu ke nan, Allah shi ne mafi sani.